Ɗalibinka ɗan China da komai "angry"

Kace ɗalibin naka na Turanci, ɗan Chinan nan mai shago a Kantin Kwari, komai ya same shi sai yace angry, ko zafin gari ne ko kwastoma ya ja ciniki ko dariya aka masa, wai ko ka rubuto masa jerin kalmomi ya haddace. A'a ɗana, kar ka soma. Zai haddace tsaf, amma ranar amfani sai ya ɗauko wadda ba ita ba.

Shengqi ɗinsu, wato kalmar fushi a yarensu, yake juyowa kai tsaye. Kai dai raba masa gida biyu, abin da ya dame shi daban, abin da ya taɓa masa mutunci daban. Janareton maƙwabci na ta ƙara ko yaron shago ya makara, annoyed kenan, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa irritated, in ya kai masa wuya fed up. Anan fa tarkon yake, su suna da kalma fan wadda take hawa kan wanda aka dama da kuma mai damun, shi yasa zaka ji yace I am annoying yana nufin an ishe shi, alhali cewa yayi shi ne fitinannen. Ka sa shi yayi ta maimaitawa, mai -ed na wanda abin ya sama ne, mai -ing na wanda ya jawo, har ya zauna masa.

Ɗaya gidan bazai baka wuya ba tunda mutanen mianzi ne, wato mutunci a yarensu, sun san zafin zubewar girma. Offended magana ce ta sosa masa rai ko da mai ita bai nufa ba, insulted an ci masa fuska, humiliated kuwa sai an tozarta shi a bainar jama'a, kamar oga ya daka masa tsawa gaban yaransa. Lose face ma, wato zubewar mutunci, daga wajensu Turanci ya aro tun ƙarni na 19, faɗa masa kaga yadda zai washe baki.

Sai mad. A fina-finan Amurka zai ji ta da ma'anar fushi, mu kuwa nan hauka take nufi, to ka ja masa kunne tun wuri, ya kuskura ya tambayi ɗan dako are you mad a tsakiyar kasuwa, wallahi kai za a kira rabon faɗa.