Amsar Baba kan yadda aikin malaman gona ya shiga jami'a a Samaru

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya damina, ya iyali. To ɗana, kai da ka ajiye tambaya jiya da dare, wai yaushe aka kafa sashen koyar da malaman gona a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma wa ya kafa shi. Na ga wani ya rubuta maka 1962 ya wuce abinsa. Wannan ai shekarar jami'ar ce, Oktoban 1962, zamanin Sardauna. Ni kuma na san ba shekara kake nema ba. Abin da ke cin ranka shi ne, me ya sa a Samaru ake da gine-gine har uku kowanne yana cewa shi ne na manoma, amma mahaifinka bai taɓa ganin malamin gona a gonarsa ba. Wannan zan amsa maka, a matsayina na wanda ya yi aikin malamin gona.

Da farko ka daina cakuɗa su. Akwai IAR, cibiyar binciken noma, masu bincike, masu fitar da iri. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, ko SAMMAZ na masara, ko SAMNUT na gyaɗa, ko SAMPEA na wake, to daga can ya fito. Akwai NAERLS, su ne masu ɗaukar abin da aka gano su kai wa malaman gona na jihohi. Sannan akwai sashen da ke cikin tsangayar noma, inda ɗalibi ke zama a aji ya karɓi digiri. Shi wannan na ukun shi ne ƙaraminsu. Shekaru da yawa a cikin sashen tattalin arzikin noma da nazarin zaman karkara yake, daga baya ne aka yaye shi ya tsaya da ƙafarsa.

Samaru ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Tun 1922 Turawa suka kafa wurin binciken noma na lardunan Arewa a can, kuma kada wani ya ruɗe ka, auduga da gyaɗa ne suka dame su, abin da jirgin ƙasa zai kwasa zuwa Ikko. Da aka buɗe jami'a sai aka miƙa mata wurin. A 1963 ma'aikatar gona ta Jihar Arewa ta ware wani ɗan sashe, aikinsa kawai ya tsaya tsakanin mai bincike da malamin gona, ya juya rahoton Turanci ya koma takardar da za a iya karanta wa manomi. Da Gowon ya raba Arewa gida shida a 1967, sashen ya rasa uba, ba jihar da za ta ce nata ne ita kaɗai. Shi ne a 1968 aka mai da shi ƙarƙashin IAR, wato ya shigo jami'a. A 1975 majalisar jami'a ta cire shi daga IAR ya zama cibiya mai cin gashin kanta, a 1987 kuma aka ba shi aikin ƙasa baki ɗaya, ya zama NAERLS ɗin da ka sani. Ka ga ashe ba wani mutum ɗaya ba ne ya kafa shi, raba jihohi ne ya tura shi jami'a.

Amurkawa ma sun sa hannu. Jami'ar Jihar Kansas ta turo malamai Samaru tun shekarun 1960 da kuɗin gwamnatinsu, su kuma a can al'adarsu ce jami'ar noma ta riƙe malaman gona na jiharta, tun dokar da suka yi a 1914.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zancen David Norman. Wani Bature ne da ya zo Samaru a 1965, ya jagoranci wani rukunin binciken tattalin arzikin karkara. Maimakon ya zauna a gonar gwaji, sai ya zuba ma'aikata a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin manoma suna rubuta kowane aiki da aka yi, da wanda ya yi shi, da tsawon lokacin da ya ci. A lokacin abin da ake koya wa malamin gona shi ne ya je ya ce wa manomi ya daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai rashin wayewa ne, ya shuka abu ɗaya zalla a layi. Da aka zauna aka yi lissafi me aka gani? Mai haɗawar nan ya fi samun abin hannu a kadada, ya fi cin moriyar wahalarsa a lokacin da aiki ya fi matsewa, kuma ko ruwa ya yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar Agusta, dawa ta biyo baya, wake ya rufe ƙasa ya bar harawa. Kakanninmu ba su shiga aji ba amma lissafinsu daidai yake.

Sai auduga, kai, auduga! Samaru ta ce a shuka ta a watan Yuni, kuma gaskiya ne, a gonar gwaji ta fi yi. Manomi ya ƙi, sai Yuli. Aka yi ta cewa taurin kai. Alhali a Yuni mutum yana fama da noman farko na gero da dawa, abin da zai ciyar da gidansa. Ya bar ciyawa ta cinye hatsi ya tafi shukar auduga? Wa zai ci auduga? Ga feshi, na lokacin ruwa yake sha mai yawa, kuma a ka za a ɗauko shi daga rafi zuwa gona. Wanda ya rubuta shawarar bai taɓa ɗaukar garwa ba. Ni wannan ne nake kira asalin darasin sashen nan, kuma har gobe ina jin haushi in na ga yaro ya gama digiri bai taɓa jin sunan Ɗan Mahawayi ba, amma ya haddace sunayen masana na ƙasashen waje.

Bayan fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta tafi, sai gwamnati ta farka. Bankin Duniya ya kawo shirin ADP na raya aikin gona, aka fara da Funtuwa da Gusau da Gombe. Obasanjo ya yi nasa shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da nasa. A nan ne masara ta samu shiga. Da can masara abin bayan gida ce, a gasa a ci. Sabon iri daga cibiyar IITA ta Ibadan, da taki mai rahusa, da hanyoyin karkara, da malamin gona a kan babur, su suka mai da ƙasar Funtuwa abin da ta zama. Daga baya aka shigo da tsarin horo da ziyara: duk mako biyu a tara mu malaman gona a koya mana abin da za mu faɗa, kowane malami da ranakun da zai je kowane ƙauye, duk wata kuma manyanmu su zauna da masu bincike. Tsarin yana da aibinsa, don saƙo daga sama yake saukowa, ba ya hawa. Amma dai ana zuwa gonar.

Da kuɗin bankin ya ƙare fa? Wani ofishi da na zauna, ba zan kira jiha ba, babur ya mutu ba gyara, kuɗin mai ya zama tarihi, amma duk ƙarshen wata oga yana son rahoton ziyara cikakke. Ziyarar me? Da ƙafa? Na ce ba zan rubuta na je inda ban je ba, aka ce ni ne mai kawo matsala. Waɗanda suka cika takarda a gindin bishiya su aka ƙara wa girma. Kuma aka daina ɗaukar sababbi, tsofaffi suna ritaya ba a maye gurbinsu. To ɗana, amsar tambayarka ta gaskiya ke nan. Jami'a tana koyarwa, NAERLS tana buga takardu, tana shirye-shiryen rediyo, tana zagaya ƙasa duk damina ta fitar da rahoton yadda amfanin gona ya yi, amma ɗaukar malamin gona da biyansa aikin jiha ne, ba na Samaru ba.

Sannan wanda ya rubuta a nan cewa wai Sasakawa, ƙungiyar nan ta ƙasar Japan, ce ta kawo malaman gona Arewa, haba Alhaji, a sake lissafi. Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a 1986 suka fara, a Gana da Sudan, Najeriya kuwa sai 1992. Sun yi aiki, ban hana su ba, musamman gonakin nuni na masara da alkama, da kuma shirin da ya ba tsofaffin malaman gona masu difloma damar komawa jami'a su yi digiri, wanda aka fara a Cape Coast ta Gana kafin ya iso Zariya da Bayero. Amma sun tarar da mu a kan aiki. Kai kuma in don rubutun makaranta kake tambaya, kada ka kafa hujja da muryata, ka taka zuwa Samaru, ka shiga ɗakin karatu na IAR ka ce a fito maka da rahotannin ƙauyuka ukun nan. Wassalam.