Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Wayata Ta Cika da Darussa, Amma Ba Sa Zama a Kaina

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a Jami'ar Marwa da ke Kamaru. Duk abin da malami ya rubuta a allo ina ɗaukar hotonsa, duk takardar da aka turo rukuninmu na WhatsApp kuma ina sauke ta, har wayata ta cika. Ina maimaita karanta su, amma ranar jarrabawa sai in ji kamar ban taɓa ganinsu ba. Akwai manhajar da za ta taimake ni?

Amsa: Ɗiyata, manhaja tana nan, amma sai mun fara gyara yadda kike karatun. Idan ido ya bi shafi sau uku ko huɗu, yakan saba da shi, sai mai karatu ya ɗauka ya gane, alhali an rufe shafin ba zai iya kawo ko rabinsa ba. A shekarar 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka gwada kansu sun fi su riƙewa nesa ba kusa ba.

Saboda haka, a daren ranar da aka yi darasin ki buɗe hotunan ki karanta sau ɗaya a tsanake, sannan ki kifa wayar, ki ɗauki littafi ki rubuta abin da kika fahimta da kalmominki. Bayan haka ki buɗe ki kwatanta, ki cike giɓin da jan biro. Wannan jan rubutun shi ne ainihin abin da ba ki gane ba, kuma shi za ki kai wa malami ko abokiyar karatu washegari. Za ki ji nauyinsa a kwanakin farko, kada hakan ya karya miki gwiwa, domin wahalar lalubo amsa daga kai ita ce ke kafa ta.

Sai batun lokaci. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara a dare ɗaya. Makarantar allo ta daɗe a kan wannan: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam da ka, kuma bayan wankewar ba ya barin tilawa. Manhajar AnkiDroid, wadda kyauta ce a wayoyin Android kuma tana aiki ba tare da intanet ba, a kan wannan ƙa'ida aka gina ta. Za ki rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa. Katin da kika amsa cikin sauƙi sai ta jinkirta dawo da shi, wanda ya ba ki wuya kuma ta dawo da shi da wuri. Shawarata ita ce ki rubuta katunanki da kanki, tambaya ɗaya a kowane kati, kuma ki yawaita masu cewa "me ya sa" da "ta yaya", domin masu neman suna ko shekara kaɗai hadda suke koyarwa. Kati 10 a kowane darasi sun wadatar.

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar Probatoire, ta ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, a Garwa. Faransancin littattafan kimiyya yana yi mini tsauri. Abokaina suna tura aikin gida ga ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ta yi musu. In bi su?

Amsa: Ɗana, kada ka bi su a wannan, domin a ɗakin jarrabawa babu waya, kuma abin da na'ura ta warware maka ba ya cikin kanka. Irin waɗannan manhajoji kuma sukan kawo amsar kuskure da cikakken tabbaci, musamman a lissafi, wanda bai san darasin ba kuwa ba zai gane an yi kuskuren ba. Amma suna da amfani idan ka juya aikin: ka fara warware tambayar da kanka, sannan ka nuna mata matakanka ka nemi ta faɗi inda ka kauce, ko ka ce ta yi maka tambayoyi biyar a kan babin, ka kuma tantance komai da littafin aji.

Game da harshe, ka sauke Faransanci da Hausa a manhajar fassara ta Google Translate domin duba kalma ko ba data, sai dai kada ka dogara da fassarar dogon bayani zuwa Hausa, don takan karkace. Abin da na fi yarda da shi shi ne ka kunna manhajar naɗar murya ka yi bayanin darasin da Hausa ko Fulatanci kamar kana koya wa ƙaninka. Inda ka tsaya kana inda-inda, ka koma littafi. Kalmomin fannin kuwa ka riƙe su da Faransanci yadda suke, tunda da shi za ka amsa.

Tambaya: Malam, ni uba ne a Kuseri. Na saya wa yarona waya don karatu, amma data na cinye kuɗi, shi kuma ya fi zama a TikTok.

Amsa: Alhaji, manhajar Kiwix tana ba da damar sauke sassan Wikipedia na Faransanci, kamar lissafi ko kimiyyar sinadarai, a karanta su ba intanet, Khan Academy ma tana da darussan bidiyo da Faransanci da ake iya saukewa. A sauke su sau ɗaya inda ake da Wi-Fi. A cikin saitin wayar kuma ku nemi sashen "Bien-être numérique", inda ake ƙayyade wa kowace manhaja mintunanta na yini. Ina ba ku shawara ku saita shi tare da yaron, ku yarda a kan minti 25 na karatu da data a kashe, sai hutun minti 5, kuma bayan sallar isha'i ku ce ya ba ku bayanin abin da ya koya ranar, wayar tana hannunku.