Tafiyar ƙasa a tudun Larzac: ruwa ne zai tsara maka zango

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Montpellier, kudancin Faransa. Abokan karatuna sun ce in an yi hutu mu yi tafiyar ƙasa ta kwana huɗu a tudun Larzac, wai akwai tsofaffin garuruwa masu ganuwa da garkunan tumaki. Na duba taswira na ga fili fetal, ko kogi babu. Ni da na tashi ina ganin tumaki a ƙofar gidanmu, me zan je gani? In kuma zan je, wane shiri zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka je. Abin da ka hango a taswira, wato rashin kogi, shi ne ma kan maganar.

Larzac tudu ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, a kudu da garin Millau, tsayinsa daga mita 600 zuwa 900 bisa teku. Dutsensa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar don yin siminti. Ya kwanta ne a ƙarƙashin wani teku fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Halinsa shi ne ruwan sama yana cinsa a hankali, yana bin tsaguwa yana faɗaɗa ta, har cikin tudun ya koma kamar rariya. Ruwan da ke sauka can a shekara ya fi na Katsina ko Maraɗi, amma ka fito bayan an ɗauke da awa biyu, ƙasa ta shanye shi kaf. Sai can gindin tudu yake ɓullowa, a kwaruruka irin na Cernon da Sorgue da Durzon. A saman kuwa, ko ka haƙa rijiya wahalar banza ce.

To, mutanen da suka zauna a irin wannan wuri dole su yi wa ruwa dabara, kuma dabarun nan su ne abin kallon. Na farko da za ka riƙa cin karo da shi wani ɗan tafki ne zagayayye kamar ƙwarya, suna ce masa lavogne. Sukan sami inda ƙasa ta lotsa, su daɓe gindin da yumɓu don kada ruwa ya zurare, sannan su jera faffaɗan duwatsu a gangaren baki ɗaya, domin kofaton tumaki kada ya fasa daɓen. In ka tsaya bakin guda da yamma za ka ga garke ya gangaro, ƙararrawa na kaɗawa a wuyansu, su kewaye shi kan da kai kamar yara a bakin akushi. Mashayar dabbobi ce, ba ta mutum ba; kar ƙishi ya ja ka. Ta mutane a dā tana ƙarƙashin gidaje: rufin dutse yana tara ruwan sama, indararo ya zuba shi cikin tanki.

Itace ma ya yi ƙaranci, don haka babu azara. Garken tumakinsu na dā, da suke kira jasse, da dutse aka naɗa rufinsa, ya lanƙwasa kamar bakan gizon soron Hausa. Hanyoyin da za ku bi kuwa, da yawansu burtali ne, draille a bakinsu, wanda tumaki suka daɗe suna bi daga filayen bakin teku zuwa tuddai idan zafi ya kama. Wannan zama na kiwo shi ya sa hukumar UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes, wanda Larzac ke ciki, a jerin kayan gadon duniya a 2011.

Tsofaffin garuruwan da abokanka ke faɗi guda biyar ne: Sainte-Eulalie-de-Cernon, La Cavalerie, La Couvertoirade, Le Viala-du-Pas-de-Jaux da Saint-Jean-d'Alcas. Ban da na ƙarshen, wanda wani gidan mata masu zuhudu ya mallaka, duk suna da alaƙa da mayaƙan Kirista da ake kira Tamfila, ƙungiyar da ta tashi a Ƙudus zamanin yaƙoƙin Salibi. Sun sami Sainte-Eulalie a tsakiyar ƙarni na 12, suka mai da tudun gandu: hatsi, ulu, dawaki, kuɗin kuma a aika gabas a yi yaƙi da shi. Ai ka ga, kai Musulmi, tarihin nan ba baƙonka ba ne, ta ɗaya ɓangaren kawai za ka kalle shi. Lura da inda suka kafa hedikwatarsu: ba a saman tudu ba, a kwarin Cernon, inda ruwa ke gudu.

A 1307 Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya kame 'yan Tamfila, a 1312 Fafaroma Kilamen na Biyar ya rushe ƙungiyar, dukiyarta ta koma hannun takwarorinta, 'yan Asibiti, waɗanda daga baya aka san su da mayaƙan Malta. Nan ne masu yawon buɗe ido kan yi kuskure: ganuwar da suke ɗaukar hoto suna cewa ta Tamfila ce, 'yan Asibiti ne suka gina ta a ƙarni na 15, lokacin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila, saboda sojojin haya da kan koma fashi idan an daina biyansu. Ta La Couvertoirade an fara ta a 1439. Idan ka shiga garin, nemi wurin da suke kira kyautar ruwa: wata 'yar kafa ce a jikin bango da ake zuba ruwan tanki ta ciki ya fita waje, matafiyi ya sha ba tare da an buɗe masa ƙofa ba, musamman lokacin annoba ko tashin hankali. A ganina ta fi hasumiyoyin duka daɗin kallo. A Le Viala kuma ba su yi ganuwa ba, sai suka gina doguwar hasumiya a 1430, rumbu ce kuma mafaka.

Tumakin da za ka gani yawanci irin Lacaune ne, na tatsa, kuma nononsu ake kai wa ƙauyen Roquefort don yin cuku, a gefen yammacin tudun. Can dutse ya taɓa zaftarewa ya bar koguna masu tsaguwa da iska mai sanyi da laima ke bi, a ciki cukun nan mai shuɗin gansakuka ke nuna. Shi ne cuku na farko da dokar Faransa ta kare sunansa, a 1925. Kada ka sa ran ɗanɗanon cukun Abzin. Wannan yana da gishiri da yaji da wari, fara da ɗan kaɗan. Da kyar ma kiwon ya tsira a wani sashe: a 1971 gwamnati ta so faɗaɗa barikin soja daga hekta 3,000 zuwa 17,000, manoma 103 suka yi rantsuwar ba za su sayar ba, har suka kai tumaki gindin hasumiyar Eiffel a Faris a 1972. Sai 1981 Shugaba Mitterrand ya janye shirin. Barikin na nan kusa da La Cavalerie. In ka ga allon gargaɗi, kar ka tsallaka.

Batun shiri. Hanyoyin da ke zaga garuruwan su ne GR 71C da GR 71D, alamarsu fenti ja da fari a jikin dutse ko itace. Mayu da Yuni sun fi, ko farkon Satumba. Yuli da Agusta rana ce tsagwaronta ba inuwa, kaka kuma akwai ruwa mai ƙarfi da mafarauta, hunturu ga dusar ƙanƙara da iska mai ratsa ƙashi. Kilomita 15 zuwa 20 a yini ya ishe ku. Kowa ya ɗauki lita uku, kai ka ƙara na alwala, kuma ku tsara zango daga ƙauye zuwa ƙauye, ku cika gora duk inda kuka sami famfo. Maƙabartar ƙauye kan sami guda, amma duba ko an rubuta ba na sha ba ne. Ku kama masauki tun kafin ku tashi, ka kuma gaya musu ba ka cin naman alade, don yana yawan shiga girkinsu. Lambar gaggawa 112.

Sai kare. Wasu garkunan na tare da wani babban farin kare, patou, wanda aikinsa gadi. Zai taho da haushi. Tsaya cak, kar ka gudu, kar ka ɗaga sanda, kar ka zuba masa ido. Bari ya shinshina ya gamsu, sannan ka kewaye garken daga nesa. Ƙofar shinge da ka buɗe kuma, ka rufe ta yadda ka same ta.