Ɗalibai suna turo min damuwarsu ta waya, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, Zariya. Tun da na fara ɗora gajerun bayanai kan ciwon damuwa a Facebook, ɗalibai daga Samaru da Kongo suke ta turo min saƙo, wasu da tsakar dare. Ina son taimaka musu, amma ina tsoron kada garin neman gira a rasa ido.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Yawan saƙonnin nan bai ba ni mamaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Yaron da kunya da tsoron a kira shi mahaukaci suka hana shi buɗe baki a gida, wayarsa ce kaɗai ke ba shi sirri.

Ki ɗauki shafinki kamar zauren gida. A zaure ake tarbar baƙo, a gaisa, a ji abin da ke tafe da shi, sannan a san inda za a kai shi. Ba a duba mara lafiya a nan. Kada ki taɓa sanya wa wani sunan cuta ko ki faɗa masa maganin da zai sha ta WhatsApp. Rashin barci da faɗuwar gaba na iya zama damuwa, na iya zama ciwon maƙoƙo, na iya zama illar tiramol. Sai an ga mutum ido da ido.

Abin da waya ta fi iyawa shi ne sauya yadda ake kallon ciwon. Ki yi saƙon murya na minti ɗaya ko biyu, da Hausar da ake yi a Kwangila da Sabon Gari, domin bidiyo mai tsawo yana cinye data. Ki ambaci abin da suke ji da kalmominsu: ƙuncin zuciya, kasa tashi zuwa laca, jin kamar rayuwa ba ta da amfani. Kuma don Allah kada ki yi faɗa da mai cewa addu'a yake yi ko ruƙiya. Ki ce masa ya ci gaba, ya kuma zo a duba shi. Na ga matasa da yawa da suka yarda suka zo asibiti saboda ba a raina imaninsu ba.

Sirri kuwa amana ce. Kada ki ɗora hoton hirarku ko da kin goge suna; Zariya gari ne da kowa ya san kowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta jaddada haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Idan wani ya rubuto cewa ya gaji da rayuwa, kada ki tsaya rubutu. Kira shi. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa; tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ki nemi wanda zai zauna da shi a daren, a kawar da ƙwayoyi da fiya-fiya daga ɗakin, a kai shi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A irin wannan hali, da rai ke cikin haɗari, ana karya sirri, kuma ki gaya masa za ki yi hakan.

Saƙonnin tsakar dare kuma, ki rubuta a saman shafinki sa'o'in da kike amsawa da inda za a nufa idan abu ya yi tsanani. Ki ware layi daban na wannan aiki, ki kuma samu abokan aiki biyu ku riƙa karɓa-karɓa.