Amsa ga malamin da ke neman shawara kan cinikin mota

Malam, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana zaune a Pantami, kana koyarwa a wata sakandare da ke hanyar Kumo, jiran motar haya na sa ka makara, shugaban makaranta ya sa ka a gaba, ga kwasar adashinka ta kusa. Ka je wurin dillalan mota sau biyu ka dawo kanka a ɗaure, kana tambayar yadda za ka yi ciniki ba tare da an cuce ka ba. Shekarata 17 da alli a hannu, mota biyu na taɓa saya, kuma ta farkon ba dillali ne ya fara cutata ba, zuciyata ce.

A 2019 ne. Wata Litinin na iso an riga an ja jan layi a rajistar zuwa aiki, karo na uku ke nan sunana yana faɗawa ƙasan layin. Shugabanmu na lokacin bai jira mun shiga ofis ba, a gaban ɗalibai ya wanke ni tas. A makon ne kuma na duba albashi na ga ƙarin girman da aka ba ni a takarda bai shigo aljihu ba. Ana tashi ban ko biya gida ba, na wuce wani wurin sayar da motoci, alli bai bar hannun rigata ba. Dillalin na hango ni ya taso da "Ranka ya daɗe, Malam, mu ma ai ɗalibanku ne." Na ji sanyi a raina, don ranar babu wanda ya girmama ni sai shi. Ya nuna min wata Golf 3 ta hannu, tana ta sheƙi, ya ce wani Alhaji daga Bajoga na tafe da kuɗinta bayan La'asar. Ban kira bakanike ba, ban kwana da maganar ba, na yi tayi sau ɗaya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Saurin sallamar nan ma ya isa ya farkar da ni.

Kwana 12 ta yi lagireto ya fara tafasa a hanya. Gaskit ya ƙone, aka buɗe injin aka tarar ringi ma ya gama aiki. Albashin wata biyu ya tafi a gareji, makarar da na sayi mota don in rabu da ita ta ninka.

Don haka abu na farko, kada ka je wurin dillali ranar da aka ɓata maka rai a makaranta. Sana'arsu karanta fuska ce. Sun san lokacin da albashi ke shiga, sun san malamin da ya ci adashi kuɗin na ƙaiƙayinsa, kuma sun san wanda ya zo sayen mota don ya huce haushi. Kada bakinka ya suɓuce ka faɗi nawa ke hannunka, ko ka ce bashi ka ciwo. In sun tambaya ka ce dubawa kake yi tukuna.

Sannan ka gane da wa kake magana. Sau da yawa motar ba ta mai wurin ba ce, wani ne ya kawo ya ajiye, ga dillali, ga kuma 'yan kayi-nayi da ke zagaye ku suna "wallahi ta yi araha", kowa da abin da ya ɗora a kai. Ka nemi a haɗa ka da mai motar ko a waya ne, kuma tun kafin tayi a yanke maganar la'ada: nawa ce, wa zai biya. Ni sai da na ƙirga kuɗi aka ce saura la'ada da na yara. Ka bar dillalin ya fara yanka kuɗi. In ya ce albarka, kada ka yi saurin ƙari, yi sallama ka kama hanya. In motar na neman mai saye, kafin ka kai gida wayarka za ta yi ƙara. Shi kuwa Alhajin Bajoga, kowace mota a garin nan yana tafe da kuɗinta.

Ka tafi da bakanikenka, ba wanda suka kira maka daga maƙwabta ba, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku je da sassafe injin na sanyi, don tawa an riga an ɗumama ta kafin in iso, shi ya ɓoye ciwonta. Ku tsaya bayan salansa a tayar: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai take sha, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga kumfa kamar madara, ka gode musu ka tafi. Ku hau titi da ita ku ji shigar giya da birki, ba zagayen cikin fili ba. Hotunan waya kuma cinikin biri a sama ne.

Takardu su ne inda mutanenmu ke sakaci. A watan Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce, ka nemi takardar biyan kuɗin kwastan, ka gwada lambar jikin motar da wadda ke takarda harafi bayan harafi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar maka in takardu suka ƙi.

Ka kuma zauna ka yi lissafin mai. Lokacin Golf ɗina lita naira 145 ce. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, motocin malamai nawa ne aka jingine a ƙofar gida? Tawa ta biyu, wata tsohuwar Corolla da na saya a dogon hutu bayan na yi mako uku ina zarya, tana kan titi ne saboda abokan aiki uku da nake ɗauka muna karo-karon mai. Ka ware wani abu daga adashin don taya da garambawul, kada ka zube shi duka a hannun dillali. Ga 'yan uwa kuma, da sun gan ka da makulli shi ke nan ka zama mai kuɗi.

Maganar makaranta kuwa, mota ba ta rage min ɗalibi ko ɗaya a aji ba, ba ta kuma fito min da ariyas ba. Abin da ya raba ni da jan layi shi ne na samu mataimakin shugaba mu biyu a ofis, na faɗa masa nisan da nake tahowa, aka janye min darasin farko na safe zuwa bayan tara. Gwada wannan a makon nan, adashin ya zauna a banki har a ba da hutu. Ranar da za ka koma wurin dillalan ka zaɓi Asabar, kuma ka karkaɗe allin da ke rigarka.