Silon motata ya yi yawa

Tambaya: Ina da tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta. Ko a tsaye take injin na ta kururuwa, ga shan mai. Me ke jawo haka? (Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya)

Amsa: Malam, kada ka fara taɓa sukurun silo, wato wanda ke daidaita gudun injin idan mota na tsaye. Bari injin ya yi zafi tukuna, sannan ka cire tukunyar iska ka leƙa farantin cok, wanda ke tare iska a bakin kafireta idan injin na da sanyi, ya kamata ya buɗe gaba ɗaya. Ƙurar hunturu kan maƙale shi. Duba wayar totur ma, ya kamata ta ɗan yi sako-sako, sifirin kuma ya dawo da ita har ƙarshe.

Idan waɗannan lafiya suke, nemi inda iska ke satar hanya. Fesa ruwan wanke kafireta kaɗan-kaɗan a gindinta da bakin tiyoyin roba, nesa da salansa mai zafi. Inda sautin injin ya canza, nan gaskit ya mutu ko tiyo ya tsage. Iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya ita ke ɗaga silo.

Sai bakanike ya duba taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, don idan ya yi gaba silo na hawa. Daga nan ka sassauta sukurun silon a hankali har injin ya zauna tsakanin juyi 800 da 900 a minti.