Shin John Ray ya ce kamannin tsiro ne ke nuna maganinsa?

Tambaya: Malam, ɗalibin ilimin tsirrai ne ni. Mahaifiyata na fama da kumburin ƙafa, ta koma shan jiƙon wani mai magani. Ya ce mata kowane tsiro Allah ya yi masa alamar cutar da yake warkarwa, wai har wani limamin Kirista, John Ray, ya rubuta haka. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ɗana, ƙarya aka yi wa bawan Allah nan.

Ray ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1627 a ƙauyen Black Notley na Ingila, mahaifiyarsa kuwa masaniyar ganyayyaki ce. Ya koyar a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi limamin coci a 1660. Shekara biyu bayan nan ya ajiye muƙaminsa na jami'a, don ya ƙi amincewa da rantsuwar da dokar 1662 ta ɗora wa malaman coci. Daga nan ya zaga Turai da abokinsa Francis Willughby, suna tara ganye suna feɗe tsuntsaye. Da Willughby ya rasu a 1672, Ray ne ya ƙarasa littafinsa na tsuntsaye ya fitar a 1676. Babban kundin Ray na tsirrai kuwa ya ƙunshi iri sama da 18,000.

E, ya yi imani halitta shaida ce ta hikimar Mahalicci, har littafi ya yi a kai a 1691. Amma a cikin littafin nan ɗin ya yi watsi da zancen alamomi, ya nuna mutane ne suka raya su a zukatansu. Mutumin da ya girma a gefen mai haɗa magani ke nan fa!

Abin da ke ba ni takaici, kullum sai na ji wannan magana. A tasha, ta lasifikar mota mai jere da kwalabe, yanzu har a WhatsApp. Jan sassaƙe, wai ƙarin jini. Saiwa mai ruwan ɗorawa, wai ciwon shawara. Ƙwaya mai siffar ƙoda, wai ƙoda. Ka tambayi mai sayarwa awon da ya yi, sai ya ce ai gado ne, ko ya jefa ka da sunan Bature. Turawan da ma sun faɗa wannan rami. Akwai tsiron Aristolochia: furensa ya lanƙwashe kamar mahaifa, sai aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗura wa masu naƙuda. Yau an tabbatar sinadarin cikinsa yana kashe ƙoda, yana jawo ciwon daji. A farkon shekarun 1990, mata kusan ɗari a Beljiyam ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba da wannan tsiro ya shiga ciki, da yawa sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe. Danginsa kuma na nan a dazukanmu.

Ban ce ganye ba ya magani ba, kar a je a ce na ce. Gwaji ne ke nuna hakan, shi ma da ƙima. Masu jingina tallarsu da sunan Allah su ji tsoron Allah, ran uwar wani ne a cikin kwalbar nan.

Kumburin ƙafa na iya zuwa daga ƙoda, zuciya ko hanta. Ka lallaɓa Mama ta dakata da jiƙon, ku je asibiti a auna fitsari, jini da hawan jini. Ku tafi da kwalbar, likita ya gan ta.